Tagar Baba Eulogio

A Valparaíso babu titin da ya san kwanciya,
kowane lungu hawa yake, ko sauka,
shi ya sa ranar da Malama Rayen ta ce gangare
ajinmu bai nemi fassara ba.
Ƙafafunmu sun riga kawunanmu sani.

Ta ce, ƙirga tafiya, ƙirga hawa,
ɗora hawa bisa tafiya.
Idan layi biyu suka yi karo a kusurwa madaidaiciya,
ɗaya kifaffen ɗan'uwansa ne, da alama a juye.
Ninka su: ɗaya ƙasa da sifili.
Ba ƙari, ba ragi.

Na zo gida da wannan kamar sabuwar wuƙa,
ina neman abin yankawa.

Baba ya shimfiɗe katakon taga a ƙasa,
a karkace bisa tayil ɗin shago,
ya fita sayen ƙusa.
Tayil kuwa gidan dara ne, sai na durƙusa.
Gefen farko: tafiya shida, hawa huɗu.
Na gabansa ma haka, ba za su taɓa gaisawa ba.
Na uku ya koma baya huɗu,
ya kamata ya hau shida.
Ya hau bakwai.

Na sake ƙirgawa da yatsa. Bakwai.
Na ninka a bayan rasit,
bakwai bisa shida ya fito, ƙasa da sifili,
ya tsaya yana kallona.

Shekara talatin mutumin nan yana sassaƙa,
ni 'yar sha huɗu na kama shi!
Ko hula bai cire ba na faɗa masa.

Ya duba rasit ɗin, ya daɗe.
Ya ce, lissafinki bai yi ƙarya ba, Maite.
Ɗauki wancan gefen, mu je.

Matakala ɗari da tara muka hau
zuwa gidan tsohuwa Clorinda,
wanda ya jingina tun girgizar ƙasa
kamar mai sauraron teku da kunne ɗaya.
Muka ɗaga katakon, muka kai bakin ramin bango.
Ya shige.
Ko siririn haske bai sami hanya ba.

A hanyar sauka bai ce komai ba.
Sai wajen matakala ta sittin
ya miƙo mini fensirin bayan kunnensa,
ya ce, ƙofar makaranta ce aikin jibi,
can bango a tsaye yake.
Ki zo da ɗayan nan naki.