Yatsan Majemi

Shekara arba'in da ɗaya hannuna na cikin ruwan bagaruwa.
Na san fatar jar akuya tun tana da ɗumi,
na san inda take kauri, inda wuƙa ke cin amanarta,
na san ta a toka, na san ta a shanya.
In dai zancen fata ne a Maradi,
ni Ma'azu ba a yi mini tafinta.

Sai ga Barira, autata, daga jami'a,
farar riga a naɗe cikin jaka.
Ta kife turmi ta zauna, nesa da warin kwatami,
ta ce, Baba, gashin nan da kake kankarewa da kartaji,
ka san wa ke zaune a gindinsa?

Na ce kaska.
Ta yi dariya har kallabi ya zame.

Ta ce tun mutum bai wuce ƙwayar riɗi ba,
tun uwarsa na ƙirgen kwanaki tana shakka,
bayansa ke naɗewa yadda nake naɗe ƙirgi,
gefe ya sadu da gefe ya zama bututu,
laka ke nan da ƙwaƙwalwa.
To a bakin ɗinkin, daidai inda gefunan suka haɗu,
wasu ƙwayoyi sai su ƙi zama.
Su ɗaura kaya.

Wasu su je su zama jijiya mai kai labarin ƙuna,
wasu su gina muƙamuƙi,
wasu su rina mu baƙi.
Saura su yada zango a gindin gashi,
su yi gum, ba su kama sana'ar kowa ba.
In an ciro su, in ji ta, an sa a faranti an ba su ci,
sai su miƙa hannuwa sirara kamar saiwar gero,
suna lalubar gidan da suka baro.

Na ce ashe Katsinawa ne.
Kakan kakana ma da ƙafa ya iso bakin Gulbi,
bai sake ganin ganuwa ba har aka rufe shi,
amma kirarin da ya bar mana na can ne.

Ta ce kada ka yi saurin ɗaure zance.
Na fuska an bi sawunsu har bakin ɗinkin.
Na gadon baya, da aka bi su a jikin ɓera,
sawu ya karkata wani gida,
dangin tsoka da ƙashi.
Ga shi kuma aiki ɗaya, ba ka ware su.

Wannan bai ba ni mamaki ba.
Nomau da ke jima kusa da ni ɗan manoma ne,
kuma dukawa fatarsa suke fara tayawa.

Daga nan na miƙa mata hannun hagu.
Manunin nan, shekarar da aka haife ta
kartaji ya zame ya shiga har ƙashi.
Rauni ya warke, yatsa bai dawo ba.
Garwashi na ɗauka da shi in ba mai shayi,
yara na tafi.
Na ce, tunda masu gyara na nan cikin fatata,
me suke jira shekara ashirin da huɗu?

Ba ta yi dariya ba wannan karon.
Ta juya yatsan, ta danna farcen,
ta ce a faranti suna yi, Baba.
A jikin mutum ba mu san yaren da za mu kira su da shi ba.
Ban ce maka bana ba, ban ce baɗi ba.

Aka kira la'asar a masallacin unguwa.
Ta shiga cikin gida neman buta.
Fatu shida suka rage a cikin toka,
mai su zai zo ranar Litinin, ba ruwansa da asalin kowa.
Na ɗora ta farko kan itace na ja kartaji,
gashi ya taru ja a bakin ƙarfe.
Na daɗe ina kallonsa
kafin in yarfar.