Waɗanda Suka Ƙi Shan Baba

Shekara arba'in babana ya yi a bakin karofi,
har aka sa shi a likkafani faratansa shuɗi ne.
Ni na guje wa warin toka da katsi,
na yi boko, na sa farar riga,
sai ga ni a wani ɗaki bayan asibitin koyarwa,
motocin titin Zariya na kaɗa gilashin taga,
ina rini.

Marinata yanzu ba ta fi farce ba.
Ɗigo ɗaya na shuɗi, sai in zuba ido.

Kwalba ta arba'in da bakwai.
A takarda lamba ce kawai,
amma na san Tasi'u ne, mai walda a Ƙofar Ruwa,
wanda kaluluwa ta fito masa a wuya kamar goriba.
Sau shida aka ɗaura masa jan ruwan nan,
gashi ya zube, kumburi ya sace,
uwarsa Hansatu ta raba waina ranar Juma'a.
Wata takwas.
Sai ga ta a hammata, ta dawo da 'yan rakiya.

Ƙwayoyin T ne, 'yan sintirin jini,
su jiki ya ba sanda da tocila.
Da ɗan gari akan ci gari.

Magani kuwa mafarauci ne mai bin abin da ke gudu.
Duk mai hanzarin haihuwa, ya kashe.
To waɗanda suka yi likimo fa?
'Yan kaɗan, can a lungu,
ba sa rabuwa, ba sa motsi,
in an ɗura musu guba su tofar,
in ƙura ta lafa su miƙe,
ɗaya ta haifi gari guda.

Haka muke zato. Ban ce na tabbata ba.
Farfesa ma in ya faɗa sai ya ƙara da wataƙila.

Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta.
Na ji takun Malam Bilyaminu da jarkarsa,
yana lallashin janareto kamar jaki mai taurin kai,
ni kuma hannuna a kan murfin firiza
ina ƙirga mintoci,
don aikin shekara uku zai iya narkewa
kafin kiran assalatu.

Wuta ta dawo. Na koma kan na'ura.
Dubu goma sun sha shuɗi sun yi luf.
Talatin da ɗaya sun ƙi.
Suna nan dishi-dishi a gefe,
sun amayar da rinin kamar yadda suke amayar da magani.

Babana kan ce,
in zane ya ƙi shan baba kada ka zagi karofi,
warware shi, akwai maiƙo ko ɗauri a ciki.

Da safe Hansatu ta tare ni a baranda,
kwanon kunu a hannu, bakin mayafi a haƙori.
Likita, an gano?
Ban iya ce mata talatin da ɗaya ba.
Na ce, Inna, muna warwarewa.

Da na je wanke hannu,
sai na ga shuɗi ya sami ƙofa a safar roba
ya zauna a gefen babban yatsana.
Na bar shi.