Tsarabar Nafi'u

Nafi'u ya dawo hutu ran Talata,
fuska ta yi duhu, hanci na saɓa,
takalminsa cike da yashi baƙi wuluk
kamar an daka gawayi an tankaɗe.
Ya zazzage shi a tsakar gida,
kaji suka zo suka tona, suka watse.

Ya ce, Baba, Limbe sunan garin,
dutse a bayanka, teku a gabanka,
dutsen da ke lulluɓe da gajimare,
sai ya ga dama yake buɗe fuska.
Kwana huɗu muka yi a tanti,
ruwan sama na kaɗa mana ganga a ka.
Mun ci gasasshen kifi da ayaba,
mun hau har inda numfashi ke ƙaranci,
gwiwata har yau ba ta yafe mini ba.

Na ce, hutu ne wannan ko aikin gayya?
Mu nan Ƙofar Marusa in an ce hutu,
tabarma ce a gindin darbejiya,
da kwanon fura, da rediyo a gefe.
Wa ya aike ka hawan dutse da kuɗinka,
alhali ba akuyarka ce ta ɓace ba?

Ya yi dariya, ya miƙo mini gora.
Ruwan teku. Na kurɓa, na tofar.
Duk yawan nan, a ce ba ya kashe ƙishi,
ba ya shayar da ko kunya ɗaya ta gero!
Rijiyar gidanmu, gaba goma sha biyu,
ta fi shi mutunci.

Sai ya ciro katantanwa, girman dunƙulen hannu,
ya ce in kara a kunne.
Na kara, don kada in gwale shi.
Shiru. Can sai wani rugugi daga nesa,
irin na hadarin gabas in ya haɗo
kafin iska ta iso ta kaɗa zana,
lokacin da Tasalla, Allah ya ji ƙanta,
ke rugawa ta kwashe shanya
tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya.

Ban ce masa komai ba.
Na jefa ta aljihu, na ce je ka yi wanka.

Ran Asabar na ta da jikoki tun asuba,
muka loda tabarmi da kasko a a-kori-kura,
muka nufi madatsar Ajiwa.
Ba dutse mai gajimare, ba igiyar ruwa,
sai masunta biyu cikin kwalekwale
da balbela tsaye a kan ƙafa ɗaya.
Muka soya karfasa, hayaƙi ya sa mu hawaye.
Ƙaramarsu, Zinatu, ta ja mini riga:
Kaka, wannan ne tekun?

Na dubi ruwan, na shafa aljihuna,
na ce, ƙanensa ne.
Babban yana nan. Kawo kunnenki.