Sanyin da Ta Saya

Daren Laraba ta fara tari,
irin na tsohon da ya gaji da ɓoye ciwo.
Kafin asuba ta yi shiru,
sai ruwa ke bin bango yana sauka a kan dardumata.

Kwabena ya zo da tsani a kafaɗa,
ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ja tsaki.
"Alaji, zuciyar ce ta ƙone.
Akwai ta hannu a Suame, sidi dubu biyu.
Ko ta yi maka shekara, ko ta yi maka Juma'a biyu,
ni dai ban rantse ba."

Sabuwa dubu shida ce a Adum.
Na je na gan su a jere, farare sol,
yaron kanti yana ta zuba:
ba sa shan wuta, ba sa minshari,
katin mita zai kai ni ƙarshen wata.
Lantana ta bugo daga Tema:
"Baba, daina zuba gishiri a rafi.
Zan turo rabi ta waya."

Gaskiyarta.
Sai dai tana makaranta ranar da uwarta
ta kwashe adashen wata goma sha huɗu,
gumin wake da shinkafa na bakin titin Aboabo,
ta hau bayan motar kaya ta rungume kwalin,
ta hana kowa taɓawa.
Ta ce ta sha zafin murhu da rana,
ba za ta ƙara da na rufin kwano da dare ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Biyun ƙarshe ni kaɗai nake jin gurnaninta.
A jikin rimot akwai madanni guda
da babban yatsan Memuna ya cinye wa rubutu.

Na yi lissafi a bayan takardar asibiti:
dubu biyu yau,
wataƙila wasu biyun kafin azumi.
Alƙalami ya ce sabuwa.
Alƙalami bai taɓa cin girkinta ba.

Yanzu ƙarfe ɗaya ta wuce.
Fanka na kwasar zafi daga wannan kusurwa
tana juye shi a waccan.
Na rubuta wa Kwabena: "Taho da ta Suame."
Na goge. Na sake rubutawa.
Wayar na kan ƙirjina,
gumi ya jiƙa ta,
ban tura ba tukuna.