Shimfiɗar Garin Katako

Larabar Toka, a Antigua,
Fada Anacleto ya dangwala yatsa
ya zana mini gicciye a goshi, karkatacce,
don hannunsa rawa yake tun bara.
Kafin rana ta take, gumi ya wanke rabi,
ƙurar shagona ta rufe saura.

Na bar nama. Wannan ba wuya,
dama nama bai cika sanin hanyar gidanmu ba.
Wake da gurasar masara; Casilda ta ce
azumin talaka ba ya jiran kalanda.
Na bar kwalbar daren Asabar.
Na bar mita kan tsadar ƙusa har kwana tara,
a na goma bakina ya suɓuce.

Abin da ban bari ba, gabata da Fidencio.
Ciki ɗaya muka fito, shekara shida ba ko sannu,
a kan zarton babanmu
da teburin aikin da gara ta riga mu rabawa.
In ya shiga coci ta dama, in bi ta hagu.
Murya ɗaya muke roƙon gafara a can,
kowa da tasa a aljihu, ya hana ta fita.

Itatuwan bakin titi sun zubo fure ruwan shunayya,
dutsen can mai aman wuta yana tarin hayaƙinsa,
makonni suna wucewa ina rina garin katako:
ja, rawaya, kore, buhu goma sha ɗaya.
Farcena ya rine, sabulu ya sallama.

Daren jajibirin Juma'ar gicciye
unguwa ta fito da fitilu da rariya.
Mun durƙusa kan allunan da aka gitta a titi,
muna tankaɗe launi bisa duwatsu,
kurciya a nan, zangarniyar alkama a can.
Wajen ƙarfe uku jana ya ƙare,
fure ɗaya ya tsaya rabi, kamar maganar da aka katse.

Wani hannu ya miƙo kwano.
Na san tabon babban yatsan nan,
ni na ji masa, da kurfi, muna yara.
Ban ɗago ba. Bai yi magana ba.
Na karɓa.
Na ce, riƙe mini gefen nan, iska na ɗagawa.
Ya riƙe.

Da safe suka iso cikin hayaƙin turare,
maza tamanin da katako ɗaya a kafaɗa,
siffar Yesu a sama, ya sunkuya da nauyinsa.
Aikin dare guda, suka bi ta kai.
Kurciya ta zama laka mai launi,
masu shara na biye da shebur da mota.

Da can abin yana yi mini ciwo.
Bana na tsaya ina kallon sawun.
Kakarmu kan ce zumunta a ƙafa take;
ashe Shi ma da ƙafa yake zuwa,
kuma ba ya tambayar wa ya zuba wane launi.

Ista saura kwana biyu.
Zarton yana wurina har yanzu.
Na wasa shi jiya, na shafa masa mai,
na naɗe a tsohuwar jarida.
Gidan Fidencio layi huɗu ne daga nan.
Ya Ubangiji, ƙafafun nan dai.