Kafin Agogo Ya Buga Sha Biyu

A ƙasan akwatin kakata, ƙarƙashin tsohon bargo,
na tarar da su ɗaure da zaren ulu:
hotuna huɗu, sun yi ja kamar ruwan shayi,
asu ya ɗanɗani gefensu.
A bayan na farko an rubuta da fensir,
Milwaukee, sha shida ga Janairu, daren ƙarshe.
Wanda ya rubuta bai sa suna ba.

Na farko mashayar Brandstetter ce.
Maza sun yi dafifi, kafaɗa na gugar kafaɗa,
malafa a ka, kumfa a gashin baki,
kowa ya ɗaga kofi ya ƙame
don mai hoto ya ce kada a motsa.
Agogon bango na nuna sha ɗaya saura kwata.
Mutum guda haƙuri ya ƙwace masa,
ya kai kofin baki, fuskarsa ta koma hayaƙi.
Tun daren nan yake kurɓa,
har yau bai ajiye ba.

Na biyu a titi ne, da sauran rana.
Wata mata cikin doguwar kwat
tana tura keken jariri a dusar ƙanƙara,
tayoyin sun nutse, ta sunkuya, ta dage.
Wane irin jariri ne da wannan nauyi?
Ga wuyan kwalba can ya leƙo daga mayafi.
Ɗan sandan kusurwa ya ba ta baya
yana karanta allon tagar kanti:
yau a saya, gobe ko da zinariya babu.
Ya gani sarai.
Ya yi kamar bai gani ba.

Na uku kakana ne, Ottmar Kuehl,
a farfajiyar kamfanin giya.
Shekara goma sha ɗaya yana lanƙwasa katako da wuta,
yana ɗaure gangunan da ɗamarar ƙarfe,
shi da ko ɗigo ba ya sha, cikinsa ba ya ɗauka.
Bayansa ganguna sun hau juna har rufi, duk wofi.
Dawakan amalanke biyu sun sadda kai.
Abokan aiki sun ɗauko akwatin gawa,
sun kwantar da kwalba a ciki, har da furanni,
suna jana'izar wasa, haƙora a waje.
Shi guduma ce a hannunsa,
riƙon wanda ya rasa inda zai rataye ta.
Su tara ne a hoton.
Shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

Na huɗu na daɗe ina juya shi.
Ƙofar coci, mata a jere, farin ƙyalle a ƙirji,
ta uku daga hagu kakata ce, Hedwig,
ta ɗaga allo sama da kanta, tana murmushi.
Na san tushen murmushin.
Tana 'yar shekara takwas take bin mashaya duk Juma'a
ta janyo ubanta kafin albashi ya ƙare a maƙogwaro,
sau da yawa ta tarar ya ƙare.
Wanda bai kwana da yunwar ba
ba zai karanta allon nan daidai ba.

Rana ɗaya aka ɗauki na uku da na huɗu.
Da dare tebur ɗaya suka zauna,
tukunyar dankali ɗaya, fitila ɗaya,
shi aikinsa ya mutu, ita addu'arta ta karɓu.
Wa ya fara magana? Wa ya miƙa wa wani gishiri?
Nan ne nake son hoto,
nan ne kuma ba a ɗauka ba.

Ni da na zo daga baya na san sauran labarin:
ƙofofin ɓoye, barasar ɗaki mai makantar da ido,
bindigogi a bayan motoci,
shekara goma sha uku, sannan doka ta janye jiki.
Su kuwa suna tsaye a bakin daren
kamar masu jiran jirgi a tasha,
masu murna da masu makoki,
ba wanda ya san inda ya nufa.

Na mai da su yadda na same su,
fuskarsa a kan fuskarta.
Ita ce ta ƙulla zaren.
Na gwada ƙullin da farce,
bai kwance ba.