Famfon Sabon Zango

Da asuba famfon layinmu ya yi tari sau biyu
kafin ya sako ruwa.
Memuna ta ruga da jarka,
na bi ta da buta, ina jan ƙafar da ta daina jin maganata.

Ta ce, Kaka, daga ina yake zuwa?
Na ce daga Weija.
Kafin Weija fa?
Kogin Densu.
Kafin Densu?
Sai na nemi dakali na zauna, don amsar da nisa.

Shekara goma sha tara na yi gadin dajin Atewa,
ni da Kwaku Ofori,
takalmin roba, adda, da tocila mai ciwon ido.
Can sama gajimare kwana yake a kan itatuwa,
ya ɗiga daga ganye zuwa ganye
har ya sami dutsen da zai bi.
Accra ba ta san sunan dutsen ba,
amma da shi take dafa waake.

Akwai wani kwaɗo a ƙoramun nan, santsinsa ya fi kuɓewa.
Masu bincike suka zo da kwalabe da littattafai,
suka ce duk faɗin duniya nan kaɗai yake.
Kwaku ya tuntsire da dariya:
ashe ɗan sarauta muke gadi a kan wannan albashi!
Sau uku na kama shi. Sau uku ya sulle,
ya bar min sanyi a tafin hannu.

Na ga biri mai farar ƙeya yana leƙenmu ta cikin rassa
kamar mai bin bashi.
Na kwance tarkon waya fiye da carbi ɗaya.
Wata shekara masu haƙar zinariya suka hau da injinsu,
ƙorama guda ta koma kamar koko,
daren nan ba abin da ya yi kuka sai janareta.

Kwaku ya rasu bara. Ƙafa ta hana ni zuwa.

Memuna ta ce, kwaɗon yana nan har yanzu?
Ban sani ba, yarinya.
Na tara hannu a bakin famfo, na ji sanyin,
ya sulle ta tsakanin yatsuna.

Jarkarki ta cika tana zuba.
Rufe famfon, daga nesa ya taso.